Ku Tambayi Juna

Ranar da kotu ta raba auren kafinta da matarsa, babu abin da ba a raba ba a gidan. Shi ya ɗauki teburin cin abinci, don shi ya haɗa shi da hannunsa; ita ta kwashe kujerun, don ita ta sayo yadin da aka lulluɓe su da shi. Sai ya zama shi yana cin abinci a tsaye gaban tebur, ita kuma a zaune, kwano a cinya. Firji ya bi ta, fanka ta bi shi. Har labule sai da aka yi cacar baki a kansa. Abu biyu ne kawai suka gagari rabo: gidan kansa, wanda ke saman wani tsohon bene, da 'yarsu ɗaya tilo, wadda kowa ke kira Barkono tun tana rarrafe saboda zafin zuciyarta.

Gidan dai aka garƙame shi da kwaɗo sai an gama shari'a a kansa, tunda kowa ya rantse ɗayan ba zai kwana a ciki ba. 'Ya kuwa ba ta garƙamuwa, sai aka yanka mata mako gida biyu. Ranakun makaranta tana wurin uwarta, a ciki da falon da ta kama bayan kantin maganin da take aiki. Asabar da Lahadi tana wurin ubanta, a wani ɗan ɗaki da ya keɓe da falanki a ƙuryar shagonsa, inda filo da bargo da komai ke warin gam da garin katako. Hutu kuma rabi da rabi. Shekararta goma sha uku a lokacin.

Iyayen suka goge lambar juna daga wayoyinsu, kowa yana alfahari da hakan. Amma magana ba ta ƙare tsakaninsu ba, hanya kawai ta canja.

"Ki gaya wa ubanki," Mama za ta ce tana cusa mata kaya a jaka, "'ya ba katako ba ce da za a jingine a bango ta shekara ba ta canja ba. Takalminki ya matse ki, shi bai da ido ne?"

Barkono ta hau motar haya, ta zauna bakin taga. A cikin motar nan take wanke saƙo kamar mai wanke ƙazamin tsumma, ta matse, ta shanya. Idan ta isa shago sai ta ce, "Baba, Mama ta ce takalmina ya matse ni."

Shi kuma ya zare fensir daga bayan kunne, ya nuna ta da shi kamar ita ce matar. "Ki gaya mata na ji. Ki kuma gaya mata ƙarar zarto ta fi min muryarta daɗi sau dubu."

Ran Lahadi da yamma: "Mama, Baba ya ce to."

Akwai saƙonnin da ko wankuwa ba sa yi. Waɗannan ba ta kai su ko'ina, haɗiye su take. Wata rana Mama ta ce, "Ki gaya masa ba don cikinki ba, da ban kai wata shida a gidansa ba." Ba a jima ba Baba ya ce, yana goge ƙofar wani kabad, ko ɗago kai bai yi ba, "Ki gaya mata ba don ke ba, da tun shekarar farko na gudu." Daga cikinsu babu wanda ya lura da abin da ya faɗa, babu kuma wanda ya lura da wanda ya faɗa wa. Ita ce ta lura. Ashe ita ce igiyar da ta ɗaure su shekaru suna cizon juna. Ta ajiye wannan a wani wuri ƙasan haƙarƙarinta, inda yake zafi in ta ja numfashi.

Jikinta kuwa bai jira kowa ba. Ta yi tsawo farat ɗaya, riguna suka ɗage, ƙuraje suka feso mata a goshi, ta fara tafiya a ranƙwafe, jaka rungume a ƙirji. Ranar da ta fara ganin jinin al'ada, Asabar ce da safe, tana shago, a banɗakin da ma'aikatan ubanta ke shiga. Ta jingina da ƙofar kwano, ta kira uwarta.

"Mama..."

"Yauwa, gara da kika kira. Kina shagon? An ce min akwai wata mata da ke kawo masa abinci a kula. Ki duba min ita da kyau, fara ce ko baƙa?"

Barkono ta kalli wayar, ta kashe. Ta ɗaura tsohuwar rigar aikin ubanta a ƙugu, ta taka har wani kanti mai nisa inda ba a san ta ba, ta nuna abin da take so da yatsa don bakinta ya ƙi buɗuwa. Da ta dawo Baba ya dube ta ya ce, "Ke, rigar aikina ce fa kika mayar ɗamara." Ya yi dariya, ya ci gaba da aiki. Sai bayan watanni Mama ta gano, abin da ta fara tambaya kuwa shi ne, "Ba dai ubanki kika fara gaya wa ba?"

Haka ta kai shekara goma sha biyar. Ta daina rashin kunya, ta daina kuka, maganarta ta koma "to" da "na ji". Dangi suka ce yarinya ta yi hankali.

Ranar rufe makaranta aka gayyaci iyaye su zo su gana da malaman 'ya'yansu. Mama ta ce, "Tambayo ubanki ko zai je. In zai je, ni ba zan taka ba." Baba ya ce, "Uwarki za ta je? To ni ina da ƙofofin mutane da zan kafa." Ta gaya wa kowannensu gaskiya, cewa ba ta sani ba. Aji ya cika da iyaye, wasu da jarirai a kafaɗa, wani uba har da kayan aikinsa bai cire ba. Barkono ta zauna a bencin baya ita kaɗai har aka watse. Malamar ajin sabuwa ce, mai taushin murya, ba ta san komai ba. Ta zo ta dafa kafaɗarta, a gaban 'yan matan da suka rage, ta ce a hankali, "'Yata, ke marainiya ce?"

Wata ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki.

"A'a, Malama," in ji Barkono. "Suna nan da ransu. Aiki ne ya yi musu yawa."

A hanyar gida ba ta ga motoci ba, ba ta ji rana ba. Kalmar nan ce ke ta juya mata a kai. Marainiya. Ai marainiya ta fi ta, ita ana tausaya mata, kuma ba a aikenta kai zagi kabari. Kafin ta kai bakin kantin magani ta gama shirya abin da za ta yi, kuma karo na farko cikin shekara biyu ta ji yunwa ta gaske.

Ta sami uwarta tana jera kwalaben maganin tari a kan kantar magunguna. "Mama, Baba ya ce wannan hutun duka a wurinsa zan yi. Ya ce bara kin cinye masa rabonsa."

Mama ta dire kwalba da ƙarfi. "Ya ce? To je ki. Mu ga abin da zai ciyar da ke, ko garin katako zai dama miki."

Da safe ta kira ubanta. "Baba, Mama ta ce ba zan zo hutu ba. Ta ce shago ba wurin budurwa ba ne."

Ta ji injin yana ƙara a bayansa. "Bar ta. Duniya ce. Ki kula da kanki."

Shi ke nan. Ƙarya biyu, babu wanda ya ce bari ya ji daga bakin ɗayan.

Akwai abin da kotu da lauyoyi suka manta: kicin ɗin tsohon gidan yana da ƙofar baya, mai fita kan wata siririyar matakala inda ake shanya. Makullinta yana wuyan Barkono tun tana firamare, don ita ke riga kowa dawowa. Ta hau da jakarta, ta murɗa, ƙofar ta yi ƙara ta buɗe.

Wari ne ya fara tarbarta, warin rufaffen wuri da ƙura. Falon ya yi girma fiye da yadda ta san shi. A bango akwai farin tabo mai kusurwa huɗu inda hoton aurensu ya zauna, ƙusar tana nan. A ƙasa ga sawun ƙafafun kabad, ga wani cokali guda da ya tsira daga rabo ya maƙale a gindin bango. Ɗakinta babu gado, sai kantar littattafan da Baba ya kafa a bango, wadda ba ta ciruwa. Ta murɗa famfo, ya yi tari ya yi shiru. Ta danna makunnin wuta, babu. Ta share tsakiyar ɗakinta da wani kwali, ta shimfiɗa zane, ta kwanta rigingine tana kallon silin. Ta ce a ranta, bari mu gani. Bari mu ga yaushe za su san ba su da 'ya.

Ƙishirwa ce ta tona mata asiri. Ta sauko famfon tsakar gida da gora a hannu, sai ta ji murya daga bayanta.

"Wannan doguwar ƙeyar, ko a kasuwa na gan ta na san ta. Ni na fara riƙe ta."

Tsohuwar da ke zaune a ƙasan benen ce, ungozoma ce da ta yi ritaya, ita ta karɓi haihuwar Barkono. Tana zaune bakin ƙofarta tana tsince shinkafa a faranti, tabarau a kan hanci.

"Ina wuni, Iya."

"Lafiya lau, ɓarauniya. Me kike sata a gidan da ko ɓera ya yi ƙaura?"

Barkono ta so ta yi ƙarya ta uku, amma bakinta ya gaji. Ta tsuguna ta faɗa mata komai, tun daga motar haya har malamar aji. Iya ta saurara ba ta katse ta ba, hannunta ya tsaya cak cikin shinkafar.

"Na hau benen nan da gwiwoyin nan nawa in yi musu sulhu," ta ce daga baya. "Uwarki ta ce in ji da tsufana, ubanki ya kunna rediyo. To ji nan. Ni ba zan kai kaina in faɗa ba, amma duk wanda ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba. Wuni ki yi a samanki in kina so. Ci da kwana kuwa a ɗakina, ba na son musu. Ai ba za su kwana biyu ba su farga ba."

Mako ya wuce, wani ya bi bayansa.

Ba wai ba sa kira ba ne. Suna kira. Wayar tana caji a kan firjin Iya, in ta yi ƙara Barkono ta ɗauka ta haye sama, ta zauna a falon da babu kowa, muryarta na amsa-kuwwa.

"Yana ba ki abinci kuwa?" in ji Mama. "Me ya ce a kaina?"

Yanzu ta daina wanki. Gishiri take ƙarawa. "Bai ce komai ba, Mama. Ko sunanki ba ya ambata. Ya yi ƙiba ma, wuni yake yana waƙa."

Ta ji numfashin uwarta ya sarƙe, ta ji wani sanyi ya ratsa ta har yatsun ƙafa.

Baba kuma ya ce, "Tana nan tana cika miki kunne da zagina ko?"

"A'a, ta manta da kai. Jiya ta ce da ta san haka zaman kaɗaici yake da daɗi, da tuni ta yi."

"Haka ta ce?"

"Haka ta ce."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ana kiransa. Barkono ta kwanta a kan siminti tana murmushi. Amma murmushin ba ya daɗewa. Kullum tana jiran ɗayansu ya ce, me ya sa muryarki ke amsawa haka kamar kina cikin rijiya? Ina ƙarar inji? Ina hayaniyar kanti? Ba wanda ya ce. Ba ita suke saurare ba, ɗayan suke leƙe ta cikin kunnenta. Kowace waya sai ta bar ta da fushin da ya fi na jiya. Ta riƙa zagaya ɗakunan tana magana ita kaɗai, tana maimaita tsofaffin saƙonnin da ta haɗiye, da muryar Mama, da muryar Baba, har ta iya su kamar karatu.

Iya ta fara damuwa. "'Yar nan, abin nan ya wuce wasa. Kin rame. Ki bari in kira su."

"Kin yi alkawari, Iya. Sai sun tambaya."

"To ai ba su da niyyar tambaya."

"Zan sa su."

Hutu ya zo ƙarshe. Mama ta kira wata safiya ta ce ta dawo a gwada ta, za a ɗinka mata sabon kayan makaranta. Barkono ta tsaya bakin tagar falo, ta daidaita murya.

"Baba ya ce ba zan dawo ba. Ya ce daga yau a wurinsa zan zauna. Ya ce in kin isa ki zo ki ɗauke ni."

Ba ta ji sallama ba, sai ƙit. Ta ajiye wayar a kan taga, ta naɗe hannu, ta jira. Rana ba ta kai tsaka ba wayar ta yi ƙara. Lambar Baba ce, amma murya biyu ke ciki, suna hawa kan juna, ga hayaniyar ma'aikata a baya.

"Kina ina? Uwarki ta ce..."

"Ba ni wayar! Barkono! Kina ina? Wurin wa kike duk kwanakin nan?"

Ta bar su suka yi ta yi, sai da suka tsagaita don jin amsa. Sannan ta ce, a hankali, yadda kowace kalma za ta shiga, "Ku tambayi juna."

Ta kashe wayar gaba ɗaya.

Wunin nan ta ci abinci har da ƙari. Da la'asar ta kunna wayar, saƙonnin murya suka yi ta shigowa. Ta zauna a ɗakinta, bayanta a bango, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Sun je gidajen ƙawayenta. Sun je wurin gwaggonta da kawunta. Sun je tasha, sun je wurin 'yan sanda, sun je asibiti suna leƙa gadaje. Muryar Mama ta fara da zagi, ta koma lallashi, ta ƙare da kukan da Barkono ba ta taɓa jin irinsa ba, kuka mai shiƙa kamar na ƙaramin yaro. "Ki yi min rai, 'yata. Ko ina kike, ki ce min kina numfashi." Ta sake kunna wannan, ta kuma sakewa. Na Baba gajeru ne, muryarsa ta yi wani iri, kamar yana cije haƙori. "Uwata, ki kira ni. Ba zan yi faɗa ba." Sun zagaye gari kaf, amma ba wanda ya tuna da gidan da suka haife ta a ciki.

Ba ta ji hawowar Iya ba sai da ta gan ta a ƙofa tana haki, hannu a gwiwa.

"Ya isa haka."

"Shekara biyu na yi, Iya. Su wuni ɗaya ya gagare su?"

"Na ji kukan uwarki tun daga matakala. Na sha jin kukan mata a ɗakin haihuwa, na san wanda ake bari da wanda ba a bari. Na karya alkawarin, ki yi fushi da ni in kin ga dama. Na kira kantin uwarki, an sanar da su, suna hanya."

Suka iso rana na shirin faɗuwa, kowa a tasa tasin. Barkono na tsaye a tsakiyar falo ta ji takunsu a matakalar baya. Mama ce ta fara shigowa, ɗankwali a hannu, ƙafafu duk ƙura. Ta yi kanta da gudu, ta rungume ta, ta shafa fuskarta, ta ture ta, ta ɗaga hannu za ta mare ta, hannun ya tsaya a sama. Baba ya tsaya bakin ƙofar kicin. Hannunsa na dama naɗe yake da bandeji har wuyan hannu, jini ya ɓullo ta saman yatsu. Daga baya ta ji yadda aka yi: yana kan injin yanka katako Mama ta faɗo shagon tana ihun ina 'yarta, ya waiwayo, injin ya kama masa yatsu. Tsumma ya ɗaura ya bi gari da shi, sai a asibitin da suka je nemanta wata nas ta gani ta zaunar da shi dole.

Barkono ta ga bandejin. Ta kau da kai.

Mama ta share hawaye, ta juya wa Baba ƙeya. "Ki gaya wa ubanki, da uba ne na gari da ya san 'yarsa ba ta..."

"Ki gaya wa uwarki," Baba ya katse ta, "ita da take kwana da ke gida ɗaya..."

Dariya ta ƙwace wa Barkono. Ta yi ta yi har ta riƙe ciki, bangon da babu komai yana mayar mata. Su biyun suka bi ta da kallo.

"Ga ku a ɗaki ɗaya," ta ce. "Taku uku ne tsakaninku. Har yanzu ni ce motar haya? To madalla. Dama akwai saƙonninku a wurina da ban kai ba. Yau zan sauke kaya."

Ta juya wurin ubanta, ta ɗauki muryar uwarta, har da yadda take karkata baki. "Baba, Mama ta ce ranar da ta aure ka ta binne ƙuruciyarta. Ta ce kai ba miji ba ne, ƙusa ne, sai an buge ka a ka kake shiga hanya. Ta ce warin gam ɗinka tashin zuciya yake sa ta tun daren farko."

"Barkono!" in ji Mama.

"Ban gama ba." Ta juyo, ta saukar da murya, ta nuna uwarta da yatsa kamar da fensir. "Mama, Baba ya ce ƙarar zarto ta fi masa muryarki daɗi. Ya ce duk maganin da ke kantinku babu na ciwon bakinki. Ya ce mahaifiyarsa ta mutu da baƙin cikinki."

Ta yi ta zubowa, ɗaya daga nan, ɗaya daga can, babu wanda ta rage wa ko wasali. Wasu sun manta sun faɗa, sai da suka ji da irin lafazinsu suka sunkuyar da kai. Iya na zaune a kan matakala.

"Saura biyu," in ji Barkono. Muryarta ta koma tata. "Waɗannan ban san wanda zan kai wa ba, don ina jin nawa ne. Mama ta ce ba don cikina ba da ba ta kai wata shida ba. Baba ya ce ba don ni ba da tun shekarar farko ya gudu. To ga shi na ba ku hutu. Na ɗauke muku kaina, ko sani ba ku yi ba. Ya kuka ji? Da daɗi?"

Mama ta sulale ta zauna a ƙasa cikin ƙura, ta rufe fuska. Baba ya dubi farin tabon da ke bango, ya dubi 'yarsa, sannan, karo na farko tun a kotu, ya dubi matar da ya rabu da ita ya yi mata magana kai tsaye.

"Mun faɗa," ya ce. "Ni dai na faɗa."

Ba ta ɗago ba, amma ta gyaɗa kai.

Ba su koma aure ba, babu ma wanda ya kawo zancen. Sun karɓi lambar juna a nan bakin matakala, Iya na tsaye a kansu kamar mai ba da allura. Wayarsu gajera ce, babu gaisuwa: ta taso, ta iso, ranar kaza ake son mu a makaranta. Wani lokaci su yi faɗa, amma da bakinsu. Sau ɗaya Mama ta manta ta fara, "Ki gaya wa..." Barkono ta ɗago ido kawai, maganar ta mutu a nan. Gidan kuma daga baya aka sayar wa wasu masu yara da yawa.

Dangi sun rabu biyu a kanta. Gwaggonta ta ce yarinyar nan ba ta da imani, a kai ta makarantar kwana ta san duniya. Kawunta ya ce duk wanda ya taɓa ta shi da shi ne. Mama ta yi wata guda tana tashi cikin dare ta leƙa ɗakinta ta tabbatar tana nan, kuma ta koyi tambayar da ba ta iya ba a da: yau me ya same ki? Barkono ba kullum take amsawa ba. An ce ta ba su haƙuri, ta ce sai dai a yanka ta.

Yatsun Baba biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Ya koyi riƙe guduma da sauran ukun, amma aikin da ke son hannu biyu ya fara gagararsa. Wata Asabar, ma'aikata sun fita cin abinci, tana zaune kan wani benci tana kallonsa yana kokawa da ƙafar gadon yara. Ya danne da hannun hagu, ya ɗaga guduma, katakon ya zame. Ya sake, ya kuma zamewa. Bai kira ta ba. Ta daɗe tana kallon yatsun nan biyu da suka miƙe kamar ba nasa ba. Sannan ta tashi, ta zo ta dafe katakon da hannu biyu.

Ya dube ta ta gefen ido. "Har yanzu kina fushi da mu?"

"Eh."

"Sosai?"

"Da saura."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauko ƙusa daga aljihun gaba, ya kafa ta a inda ya yi alama.

"To," ya ce. "Janye babban yatsanki, ki danne nan da kyau."

Ta janye, ta danne. Ya buga.